Mu Ƙawata Kekenmu da Hannunmu, Amma Kada Mu Taɓa Birki

Wannan makon hirarmu a kan keke take, kuma abin da ya jawo ta a ƙofar gidanmu ya faru, a nan Gonin Gora, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun.

Akwai wani yaro maƙwabcinmu, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, wanda mahaifinsa ya bar masa tsohon kekensa ƙirar Phoenix. Cikin mako biyu yaron nan ya mayar da shi abin kallo. Ya yi masa fenti kore da fari, ya ɗinka wa sirdi riga mai geza, ya kafa madubai biyu, ya nannaɗe kan keken da jar roba. Ranar da ya fito da shi, yaran layinmu har bin sa suka yi da gudu. Mu ma muka yaba, sai dai mun lura ba birkin gaba. Da muka tambaye shi, sai ya ce: "Yaya, ai hannun birkin ne ya tare wurin madubi, na cire shi. Na baya ya ishe ni." Muka ce ya mayar, ya ce to, bai mayar ba. Mu ma da laifinmu, don ba mu bi sawu ba, ba mu kuma gaya wa mahaifinsa ba.

Bayan kwana huɗu aka kwana ana ruwa. Da safe ya gangaro layin da ke fita babban titin Abuja, ya hango tirela, ya damƙe birkin baya. Tayar ta ja ƙasa a kan laka, keken bai tsaya ba. Don kada ya shiga titi sai ya karkata ya faɗa kwata. Ya tsira da ransa, amma ya karye a wuyan hannun dama ana saura kwana goma jarrabawa. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Ba mun kawo labarin nan don mu hana ku taɓa kekunanku ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na babur ya zama abin da iyaye da yawa ke lissafawa kowace safiya, kuma keke ya dawo da darajarsa. Wanda ya iya gyara nasa, ya ƙera masa abin da ya rasa, ya rage wa gidansu nauyi, ya kuma koyi sana'a. Abin da muke so shi ne mu raba aikin gida uku: wanda za ku yi da kanku, wanda za ku kai wa masu sana'a, da wanda ba a yi ko kusa.

Abin da za ku iya yi a tsakar gida

Mu fara da madigadi, wato murfin nan da ke hana taya watsa laka. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta da damina a kan keke marar madigadi ya san layin jar lakar da ke hawa bayan farar riga. Ku samu tsohuwar jarkar man girki, ku wanke ta tas. Kada ku yi amfani da wadda aka zuba fetur ko maganin feshi. Ku yanko tsiri mai ɗan fi taya faɗi, ku tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, ku lanƙwasa shi ya bi zagayen taya. Ku huda shi da ƙusa mai zafi, ku ɗaure da ƙananan notuna da waya mai kauri. Ku bar tazarar yatsa guda tsakaninsa da taya, ku kuma lanƙwashe bakin wayar ya kalli waje. Na gaba ya fi son kulawa, don in ya kwance ya shige cikin taya, nan take keke zai kifar da mai shi.

Tsohon tif ɗin da mai faci ya ce ya gama aiki kada ku yar. Ku yanka shi tsiri-tsiri, faɗin yatsu biyu, ku nannaɗe mariƙin kan keke, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Hannu ba zai riƙa zamewa ba ko an yi gumi. Ku toshe bakin bututun kan da guntun katako ko murfin roba, domin buɗaɗɗen bakin ƙarfe yana iya huda ciki ko cinya in an faɗi a kansa. Wani tsirin kuma ku shimfiɗa shi a cikin wili, ya rufe kawunan sifok, wato siraran wayoyin da ke riƙe da wilin. Faci da yawa daga nan yake tasowa, ba daga ƙaya ba.

Jakar littattafai fa? Tsohon wandon jins ko buhun shinkafa ya isa. Ku ɗinka, ku sa leda mai kauri daga ciki saboda ruwa, ku ɗaure ta a kariyar baya ta kusurwa huɗu, kada igiya ko ɗaya ta yi lilo kusa da taya. Rataya jaka a kan keke, wato a hannu, yana karkatar da tuƙi, kuma jakar kan iya shiga tayar gaba.

Sai fitila. Ƙa'idar hanya ita ce farin haske a gaba, ja a baya. Ƙaramar tocila mai caji da tsirin tif ya ɗaure ta ta wadatar a gaba. Ta baya ku rufe gilashinta da jar leda. Mun ga da yawanku suna maƙala faifan CD a sifok suna cewa direba zai hango su. Faifan madubi ne kawai, yana jefa haske gefe guda, ba lallai ya koma idon direba ba. Tef ɗin nan ja da fari da ake mannawa a jikin tankoki da tireloli an yi shi ne ya mayar da haske inda ya fito. Ɗan guntu a bayan madigadi da jikin feda ya fi faifai goma amfani.

In za ku yi fenti, ku fara wanke keken ku duba jikinsa sosai, musamman mahaɗun ƙarfe. Fenti yana ɓoye tsagewa, ba ya ɗinke ta. Ku goge da samfefa, ku shafa siriri sau biyu ko uku a fili inda iska ke kaɗawa. Kada fenti ko mai ya taɓa gefen wili inda robar birki ke kamawa. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfe, sau da yawa a ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko kusa da sirdi. Ku rubuta ta a littafi, kada ku cike ta da fenti. Ranar da keke ya ɓata, ita ce shaidarku.

Abin da za ku kai wa masu sana'a

Kariyar ƙarfe mai ɗaukar kaya aikin mai walda ce. Ku auna, ku zana a takarda da tsawo da faɗi, ku kai masa. A haɗa ta daban, sannan a ɗaure ta da noti a ramukan da masu ƙera keken suka riga suka tanada. Kada a ɗana wutar walda a jikin keken kansa, don bututunsa siriri ne, wuta na iya huda shi ko ta raunana shi. In ana walda kuma ku kau da ido, hasken yana ƙona shi.

Miƙe wilin da ya karkace, da sauya boris, da ɗaure kan keke in yana girgiɗi, duk na bakanike ne. Amma kada ku ajiye keke ku tafi yawo. Ku gaishe shi, ku ce, "Baba, a ba ni izini in tsaya in gani." Galibinsu suna jin daɗin yaro mai son koyo. A irin tsayuwar nan ne muka gane abin da ya sa muka lalata feda biyu muna yara: fedar hagu zarenta a juye yake. Ana ɗaure ta ta hagu, a kwance ta ta dama, saɓanin sauran notuna.

Wanda ya samu dama, ya roƙi wani babba ya haye kogi da shi zuwa Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A can za ku ga yadda ake mayar da tsohon ƙarfe tukunya, da murhu, da injin niƙa. Wuni guda a wurin darasi ne na aikin hannu.

Abin da ba a yi ko kusa

Ba a cire birki, ko na gaba ko na baya. Ga dalili, kuma darasin kimiyya ne. Idan aka taka birki, nauyin keke da na mahayi yana turuwa gaba. Tayar gaba ta ƙara danne ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa birkin baya kaɗai yake sa taya ta ja ƙasa keke na ci gaba da tafiya, kamar yadda ya faru da maƙwabcinmu. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Ana matsa su biyun tare, a hankali, mahayi ya ɗan ja jikinsa baya. In wili ya jiƙe kuma, musamman na ƙarfe irin na tsofaffin kekuna, birki ba ya kamawa da wuri, don haka a fara matsawa tun da nisa.

Ba a huda jikin keke ko ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba don a kafa wani abu. Ba a ƙara musu tsawo da guntun bututu don keke ya yi kama da babur. Ba a rage sifok don taya ta yi kyan gani. Ba a rataya geza ko zare mai tsawon da zai kai sarƙa ko taya.

Duk lokacin da kuka gama wani aiki, ku yi gwaji uku kafin ku hau. Ku ɗaga kowace taya ku juya ta, ku ji ko tana gogar wani abu. Ku ɗaga keken kaɗan ku sake shi, ku saurari abin da ke kwaramniya. Ku tura shi taku goma, ku matsa birki ɗaya bayan ɗaya. A titi kuma ku bi hannun dama tare da motoci, don tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin dama. Shawararmu dai ita ce ku bi layukan cikin unguwa. Babban titin Abuja ba wurin gwada sabon fenti ba ne.

Lissafin da ke cikin sarƙa

Masu cewa lissafi ba shi da amfani, ku zo ku ƙirga haƙora. A ce babban faifan feda yana da haƙori 44, ƙaramin na baya yana da 18. Ku raba 44 da 18, za ku samu wajen 2.44. Ma'ana, in feda ta zagaya sau ɗaya, taya ta juya kusan sau biyu da rabi. Taya mai inci 28 tana cin kimanin mita 2.23 a juyi guda, don haka kowane zagayen feda yana kai ku wajen mita 5.4. In aka sauya na baya da mai haƙori 20, tafiyar ta ragu zuwa mita 4.9, amma feda ta yi laushi, hawan tudu da kaya ya yi sauƙi. Mai haƙori 16 zai ba ku mita 6.1, da gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya da ciwon gwiwa a tudu. Wanda ya san wannan ba ya sayen kayan keke da ka.

Kada ku raina wannan wasa

A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya haɗa taya mai iska don keken ɗansa ya daina jijjiga shi. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi jirgin sama a 1903, shagon kekuna suke da shi a garin Dayton na Amurka. A Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14, bayan rashin kuɗi ya fitar da shi daga makaranta, ya haɗa injin iska mai ba da lantarki da tarkacen keken mahaifinsa, da taimakon littafin da ya aro a laburare. A Kumasi ta ƙasar Gana kuwa, Bernice Dapaah ta jagoranci wani shiri na ƙera jikin keke da itacen gora, kuma mata na cikin masu aikin. Saboda haka ƙannenmu mata, sifana ba ta san hannun namiji ko na mace ba.

Abu na ƙarshe: kafin ku yanka jarka ko ku buɗe gwangwanin fenti, ku nemi izinin mai keken da na iyaye, wuƙa da ruwan zafi kuma a yi su a gaban babba.

Maƙwabcinmu ya rubuta jarrabawarsa da ƙyar, hannu a ɗaure. Da aka kwance ɗaurin, tare muka je wurin bakanike aka mayar da birkin. Madubi ɗaya ya koma ɗakin mahaifiyarsa, ɗayan kuma ya samu wuri a gefen hagu, inda yake nuna masa motar da ke tahowa a baya. Yanzu kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Aikin gida na wannan makon: ku ƙirga haƙoran faifan gaba da na baya na kekenku ko na wani aboki, ku auna zagayen taya da zare, ku lissafa mita nawa zagayen feda ɗaya ke ci, sannan ku gano sau nawa za ku taka daga gida zuwa makaranta. Ku rubuto mana amsa da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka yi daidai. Sai mun haɗu mako mai zuwa.