Sharhi: Gashin Talotalo Ba Gashin Tsire Ba Ne

A ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba na kowace shekara ne Amurkawa kan yi bikin nuna godiya ga Allah, wanda shugaba Abraham Lincoln ya mayar da shi bikin ƙasa baki ɗaya a shekarar 1863, kana majalisar dokoki ta tsayar da ranarsa a shekarar 1941. Talotalo shi ne sarkin abincin wannan rana. Ko da yake galibin gidaje a tandun cikin ɗaki suke gasa shi, akwai masu fitar da shi bayan gida su ɗora a kan garwashin gawayi.

Ga Hausawa mazauna unguwar Bronx ta birnin New York da sauran biranen ƙasar, wannan hanya ta biyu ita ta fi dacewa, domin kuwa wanda ya tashi yana ganin gashin ragon layya da balangu ba baƙon garwashi ba ne. Hayaƙin gawayi yana ba nama ƙanshin da tandu ba ya bayarwa, yajin ƙuli-ƙuli kuma yana karɓar talotalo ƙwarai.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Mai tsire da ido yake gane naman da ya nuna, saboda yankan siriri ne. Talotalo kuwa tsuntsu ne mai kauri, fatarsa kan yi ja alhali cinyarsa da sauran ɗanye a ciki. Ɗanyen naman kuma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. A shekarar 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa mutane 358 a jihohi 42 sun kamu da wannan cuta ta hanyar ɗanyen talotalo, mutum guda kuma ya rasu.

Saboda haka shawarar ma'aikatar aikin gona ta ƙasar abin bi ce sau da ƙafa. Kada nauyin tsuntsun ya wuce kimanin kilo 7, domin wanda ya fi haka yakan daɗe bai ɗau zafi ba, ƙwayoyin cuta su sami damar yaɗuwa. Idan daskararre ne, a bar shi ya saki a cikin firji, kwana guda ga kowane kilo biyu. Kada a cusa masa komai a ciki. A raba garwashi gefe biyu, a ajiye kwano a tsakiya ya tare kitsen da ke ɗiga, a ɗora naman a saman kwanon, a rufe murfi, ana ƙara gawayi kowace sa'a. Ba za a sauke ba sai an soka ma'aunin zafi a tsokar cinya da ta ƙirji ya nuna digiri 74 na Selshiyas, wato 165 a lissafin Amurkawa.

Akwai masu ganin cewa amfani da ma'auni raini ne ga gwanintar magidanci. Wannan ba hujja ba ce. Gwaninta ita ce baƙi su ci su koma gida lafiya, ba su kwana a asibiti ba, musamman yara ƙanana da tsofaffi waɗanda cutar ta fi galabaitarwa.

Haɗari na biyu ya fi na farko muni. Sanyin Nuwamba kan sa wasu su jawo murhun gawayi cikin gareji ko ɗakin girki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum ba tare da ya ankara ba. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Wanda ba shi da fili a waje, nesa da bango da duk abin da wuta za ta iya kamawa, gara ya haƙura ya koma ga tandu.

Hura gawayi a wannan rana abu ne mai kyau, amma da sharuɗɗa biyu: a hura shi a sarari, a kuma bar ma'auni ya yanke hukuncin lokacin saukewa. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani.