Zomo Ba Ya Ƙwai: Gargaɗi Ga Dattawa Kan Bikin Ista



A birnin Amstadam na ƙasar Holan akwai hanyoyin ruwa da aka haƙa a tsakiyar gari tun ƙarni na 17, jiragen ruwa suna bin su kamar yadda motoci suke bin titi. Idan lokacin Ista ya zo, sanyi ya fara janyewa, iyaye sukan fito da 'ya'yansu riƙe da ƙananan kwanduna, a bi bakin ruwa da lambuna ana neman ƙwan cakulan da aka ɓoye. Ana gaya wa yaran cewa zomo ne ya kawo. Abin da ban sha'awa a hoto, shi ya sa hotunan suka iso wayoyinmu, har wasu malaman Makarantar Lahadi sun fara cewa mu ma mu gwada. Mu dai mun ce a'a, ga kuma dalilinmu.

Da farko bari mu kawar da wata magana da ba ta da ƙarfi. Wasu masu wa'azi suna cewa ƙwan Ista bautar gunki ne kai tsaye. Hujjar da ake jingina da ita ta fito daga wani malamin ikilisiya na Ingila mai suna Bede, wanda ya ambaci wata allahiya Eostre a wajen shekara ta 725. Mutanen Holan kuwa ba sa ma amfani da wannan suna. Suna cewa Pasen, daga kalmar Idin Ƙetarewa. Shi ƙwan ma a cikin ikilisiya ya sami gurbinsa: a Turai ta dā an hana cin ƙwai cikin azumin kwana 40 kafin Ista, kaji kuwa ba su daina yi ba, sai a tara, a dafa, a ci ranar biki. Masu bi na Otodoks har yau suna rina shi ja domin tunawa da jinin Almasihu. Zomon ne baƙo; a rubuce an fara jin labarinsa a Jamus a 1682. Kada mu yaƙi ƙarya da wata ƙaryar.

Damuwarmu ita ce abin da ya rage bayan an cire Mai bikin. Alƙaluman shekarar 2017 na ofishin ƙididdiga na Holan sun nuna cewa fiye da rabin mutanen ƙasar ba sa danganta kansu da kowane addini. Babbar majami'ar Nieuwe Kerk, inda aka naɗa Sarki Willem-Alexander a 2013, ta zama wurin nune-nunen kayan tarihi. Wani tsohon ɗakin sujada ya koma gidan kiɗa mai suna Paradiso tun 1968. Amma hutun Litinin ɗin Ista yana nan, ƙwan cakulan kuma yana cika shaguna makonni kafin ranar. Ɓawo ya tsira, abin cikin ya tsiyaye. Yaro zai iya cika kwando shekara goma a jere bai taɓa jin cewa an tarar da kabari ba kowa ba.

Abin da ya fi mana zafi shi ne wannan. Johanna Veenstra, 'yar mutanen Holan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ta iso Nijeriya a 1920, ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum, a nan ƙasar kuma ta rasu a 1933. Ba kwandon cakulan ta kawo mana ba. Yau kuma 'yan Gana da 'yan Nijeriya ne suke cika ɗakunan sujada a unguwar Bijlmer ta Amstadam, wasu sun yi shekaru suna taruwa a garejin motoci. To, me ya sa za mu ari abin da ya rage a hannun waɗanda suka daina zuwa sujada?

Za a ce, ai wasan yara ne. Gaskiya ne, ba zunubi ba ne uba ya fita yawo da 'ya'yansa, da ma iyayenmu maza za su ƙara yin haka. Sai dai mu 'yan tsiraru ne a garuruwan da muke zaune. Yaronmu yana shan tambaya a makaranta da kasuwa: me kuke yi wa biki? Idan amsarsa zomo da ƙwai ce, mun aike shi gona ba fartanya. Manzo Bulus ya nuna a 1 Korintiyawa 15 cewa dukan bangaskiyarmu a kan tashin Yesu daga matattu take tsaye.

Muna kuma da namu. Fita Galili ranar Litinin ɗin Ista, wadda ta samo tushe daga Matiyu 28, tana da yawo, da abinci, da waƙa, da wasan yara, kuma sunanta kaɗai yana sa yaro ya tambayi wa za a sadu da shi a can. Mun yarda cewa a wasu wurare ita ma ta fara zama cin shinkafa da ɗaukar hoto kawai. Don haka muna roƙon dattawa da Zumuntar Mata: bana, kafin a buɗe kula ko ɗaya a Galili, a sa yara uku su ba da labarin safiyar tashin da bakinsu. Kuɗin cakulan kuma a saya wa gwauraye ƙwai na gaske da shi.