Fiɗa Ta Ƙaramar Kafa

Zuwa ga Edita,

Ga abin da na tanadar wa masu karatu a wannan mako.

A shekarar 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya cire wa majinyaci maɗaciya ba tare da ya tsaga cikinsa ba. Ƙananan kafofi ya huda, ya zura madubi da ƙarafa ta ciki. Wanda aka yi wa irin wannan aiki yakan tashi da wuri, tabon kuwa kaɗan ne. To, amma likita ba ya taɓa naman da hannunsa, sai kallo. Da aikin ya bazu, sai aka ga ana yawan yanke hanyar da ruwan ɗaci ke bi zuwa hanji bisa kuskure, raunin da kan iya kai mutum kabari.

Nan kwamfuta ta shigo. Na'urar da Vinci, wadda hukumar Amurka ta yarda da ita a 2000, tana tsakanin hannun likita da wuƙa. In hannunsa ya yi rawa, ta shanye rawar. In ya motsa da yawa, ta rage motsin. Akan kuma ɗura wa majinyaci wani rini a jijiya, sai hanyar nan ta haskaka kore a allo.

A ganina rinin nan ya fi amfani, domin yawancin ɓarnar ba rawar hannu ke kawo ta ba. Likita ne ke ganin wata hanya ya zaci wata ce, ya yanke.

Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu