AJAOKUTA: MURHUN DA BA A TAƁA HURA WA WUTA BA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman masu sayar da ƙusa da rodi da kwanon rufi a kasuwa, ku zo mu yi lissafin Ajaokuta, don da kuɗinku aka gina ta.

A 1971 Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ƙarfe. Aka yi bincike, aka tarar da tama jingim a Itakpe. A 1979 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyat, ya gina ma'aikata a bakin Kogin Kwara wadda za ta riƙa fitar da tan miliyan 1.3 kowace shekara. Shagari ya aza harsashi a 1980. A 1994, an ce saura kashi 2 cikin 100 a gama, sai aiki ya tsaya cik. Babban murhun narka tama, watau dalilin gina wurin duka, har yau ba a taɓa hura masa wuta ba. Kakanninmu da zugazugi da gawayi sun narka tama a gindin Dala, amma masu biliyoyin daloli sun kasa!

In sun ce babu kuɗi, to, ku saurara. A 2003 aka danƙa ma'aikatar ga kamfanin Solgas na Amurka, bai taɓuka kome ba. A 2004 aka miƙa ta ga kamfanin Pramod Mittal, mutumin Indiya. 'Yar'aduwa ya soke wannan ciniki a 2008, aka shiga shari'a shekara da shekaru, kana a 2022 Gwamnati ta yarda ta biya su diyyar dala miliyan 496. Assha! An sami kuɗin sallamar baƙo, alhali kuwa a 2019 Buhari ya ƙi sa hannu a dokar da Majalisa ta yi ta ware dala biliyan 1 don ƙarasa aikin. Ko hanyar jirgin Itakpe zuwa Warri, da aka fara a 1987 domin jigilar tama, sai 2020 aka buɗe ta.

Wa ya sa hannu a cinikin 2004? Wa aka hukunta? Duk wanda ya zo rumfarku neman ƙuri'a da alkawarin Ajaokuta, ku ce ya faɗi ranar da za a hura murhun, ya kuma rubuta a takarda.