Gyaran Inji Ya Riga Ado

A Amurka, masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa ƙirar na masunta kan shafe kusan shekara guda suna zagayen Great Loop, tafiyar kimanin mil 6,000 da ke ratsa Kogin Hudson, Chicago da gaɓar Florida. Tafiyar hawainiya suke yi, kuma ita ce ke rage musu shan dizal.

Sai dai sababbin masu saye kan zuba kuɗinsu a kujeru da fenti, su bar matatar mai, famfon kwashe ruwa da tankin da tsatsa ke ci a ɓoye. Wannan ganganci ne. Da yawa daga jiragen nan inji ɗaya gare su. Idan ya mutu a tsakiyar Tafkin Michigan, fenti ba zai kai kowa tudu ba.