Ku Daina Sayen Tsakuwa Da Ido!

Wai don Allah, mu da ke zaune a Dutse, har yaushe birkila zai riƙa ce mana "Alhaji, kawo tifa biyu kawai"? Tifa fa ba ma'auni ba ce! Wata tan 10 take ɗauka, wata 30.

Auna hanyar shiga gidanka da tef, ka buɗe kalkuletar wayarka: tsawo × faɗi × kauri. Mita 12 × mita 3 × 0.1 (wato santimita 10) ya ba ka kubik mita 3.6. Kowane kubik wajen tan 1.5 ne, ka ga 5.4 ke nan. Ƙara kaɗan saboda tana kwanciya in an danne, a ce tan 6.

To ragowar tifa biyun, gidan wa za ta?