Rumbun bayanan gwamnati: a hannun wa makullin yake?

A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyaran manhaja da kamfanin CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows a faɗin duniya. Maganin bai wuce goge fayil ɗaya ba. Sai dai kwamfutocin da aka kulle da BitLocker sun ƙi buɗuwa sai da lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma a wasu ma'aikatun lambar tana ajiye ne a na'urar da ita ma ta faɗi.

Ya kamata ma'aikatan tarayya su yi wa wannan lamari karatun ta-natsu, yanzu da ake kwashe fayiloli daga kabad zuwa kwamfuta. Da yawa sun ɗauka tsarin RAID, wanda ke rarraba bayanai a kan faifai da dama, ya wadatar. RAID 5 na jure mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Na biyu ya bi shi, an shiga uku. Kuma duk abin da aka goge bisa kuskure, ya gogu a dukkan faifan. Idan rumbun a kulle yake da lambar sirri, abin ya fi muni, domin ko an harhaɗa faifan daidai, muddin makullin ya ɓace ko ɗan sashen da ke riƙe da shi ya lalace, babu gwanin da zai iya karanta abin da ke ciki.

Daina kullewa ba mafita ba ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta tsare bayanan jama'a, ta kuma buƙaci a iya maido da su idan tsautsayi ya auku. Tsautsayi kuwa ba ya sallama: a Afrilun 2020 gobara ta tashi a ofishin Babban Akanta na Tarayya da ke Abuja. Tsohon ma'aikacin da ke Inkil a Bauchi, yana jiran haƙƙinsa na fansho, shi zai ɗanɗana kuɗarsa idan tarihin aikinsa ya salwanta.

Saboda haka, kowace ma'aikata ta ajiye kwafi uku na bayananta, ɗaya a wani gari daban. A rubuta makullin ceto, a rufe a ambulan, a damƙa wa manyan jami'ai biyu, a kuma sanya batunsa cikin takardar miƙa aiki duk lokacin da aka yi wa jami'i canjin wuri. A riƙa gwada maido da bayanan bayan kowane wata uku. Idan na'ura ta faɗi, a kashe ta, a kwafi kowane faifai kafin a taɓa komai, domin garajen gyara kan ƙarasa abin da ya rage.

Mataimakin da ke tsara wa babban sakatare ajandar taron mako mai zuwa, ya saka wannan tambaya a ciki: yaushe rabon da mu gwada makullinmu?